Kuɗin Ladin Cima na cikin memorin wayarka

1/ Jiya a majalisarmu nan Daura wani ya ce 'yan fim mabarata ne, tsufa na zuwa sai roƙo. Na yi shiru don ya girme ni. Amma abin ya tsaya min a rai, bari in amayar a nan.

2/ Kun tuna Fabrairun 2022? Ladin Cima, wadda iyayenmu suka sani da Tambaya tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin, ta faɗa wa BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita cewa dubu biyu, dubu uku, dubu biyar ake ba ta a fim. Matar da ta fara wasa kafin a haifi yawancinmu fa.

3/ Sai Kannywood ta kama da wuta. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka ce su sun biya ta fiye da haka. Naziru Sarkin Waƙa ya tsaya mata. Mu kuma muka rabu gida biyu muna zage-zage.

Tambayar da muka tsallake: kuɗin da za a biya ta, daga aljihun wa zai fito?

4/ Ni dai na san nawa. Shekara da shekaru ina kai memori shagon cajin waya, in ba da naira ɗari a tura min finafinai har sai ya cika. Ko sisi bai kai hannun furodusa ba, balle na Tambaya. Kai ma haka, kar ka yi min fuska. Mu muka kashe kasuwar faifai, sannan muka dawo muna tsine wa furodusa don ya yi rowa.

5/ Ba wanke furodusoshi nake ba. Wanda ya iya sayen mota da fim, ya iya rubuta yarjejeniya da dattijuwar da ta fito uwarsa. A Ingila ƙungiyar 'yan wasa ta Equity na da mafi ƙarancin kuɗin da za a biya ɗan wasa. Judi Dench ta ci Oscar a 1999 da fitowar kusan minti takwas, tana da shekara 64. Can tsufa daraja yake ƙara wa 'yar wasa.

Mu kuwa MOPPAN, a 2016 cikin 'yan kwanaki ta kori Rahama Sadau kan bidiyon waƙa. Wannan saurin, a ina yake in an zo maganar haƙƙi?

6/ Abin da ya fi ƙona min rai: mu 'yan Daura baƙo na zuwa sai mu kai shi rijiyar Kusugu, muna tutiya da Daurama, mace mai sarauta. Amma ƙanwarka ta ce tana son wasan kwaikwayo, ko na makaranta ne, ka ga tashin hankali a gida. Da daddare kuma duk gidan a taru kan waya ɗaya ana kallon 'yar wani.

7/ Wanda ya ce mabarata ne, na san wayarsa. Ni na raka shi shagon turi ranar Juma'ar da ta wuce.