Waiwaye: Hutun da Inna Take Yi a Bakin Turmi

Duk wanda ya tashi a Dingyaɗi a shekarun da Alhaji Shehu Shagari yake mulkin ƙasar nan, tsakanin 1979 da 1983, ya san ba zakara kaɗai ke tada gari ba. Da an sallame sallar Asuba sai ka ji tabare sun ɗauka, daga wannan gida zuwa wancan, kamar suna gaisawa ta kan darni. A gidanmu turmi ɗaya ne babba, Inna da abokiyar zamanta ke tsayawa a kansa. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, har lugude ya kankama. In dakan ya yi daɗi, sai Inna ta cilla tabaryarta sama, ta tafa hannu, ta cafe ta, kiɗan bai ɓaci ba. Ƙanena yana goye a bayanta yana sharar barci, kansa na rausaya tare da tabarya.

Ranar da ran Inna yake a ɓace, a bakin turmin nan muke ganewa. Dakan yakan yi nauyi, waƙar ta yi tsawo, habaici ya yi yawa a cikinta. Kafin gero ya surfu, fuskarta ta saki. Abin da ke cin ta ya bi gumi da waƙa ya fita.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne abin da take yi bayan nan. Idan ta gama surfe ta wanke tsaba ta shanya, ba ta wucewa kai tsaye zuwa murhu. Sai ta kifa turmin ta zauna a kai, ta sha ruwan randa a moɗa, ta miƙe ƙafafu, ta yi shiru. Zaman bai fi a karanta Fatiha da ƙananan surori ba. A wannan ɗan lokaci ko kuka kake ba ta tanka maka, sai in jini ta gani. Wata rana na ce mata, “Inna, ga aiki jibge, kin zauna?” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, wanda duk ka jiran aiki shi ƙare kahin shi huta, sai kushewa.”

Na ji maganar da kunne, amma sai da na shekara arba'in da wani abu kafin ta isa zuciyata.

Baba ma, kamar Inna, kullum cikin aiki yake. Da damina yana gona tun da sassafe, da rani yana fadama ko gyaran rumbu. In ziyara ko wata hidima ta kama shi zuwa Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ko zuwa Boɗinga, ƙafa ce ko jaki. Ban taɓa jin ya ambaci motsa jiki ba. Kalmar ma ba ta cikin bakin mutanen lokacin, domin rayuwar ce gaba ɗaya motsi.

Ba ina kukan wancan zamani ya wuce ba ne. Na ga kanta a tafin hannun Inna, na kuma ga yadda ciwon baya ya durƙusar da ita da ta manyanta. Ranar da injin niƙa ya iso unguwarmu, mata sun yi murna, kuma suna da gaskiya. Famfon burtsatse ya rage jan guga, babur ya maye gurbin jaki, kabu-kabu ya kai ka har ƙofar ɗaki, wayar hannu da ta shigo ƙasar nan a 2001 ta ɗauke mana tattakin zuwa gaisuwa da kai saƙo. Duk waɗannan rahama ne. Sai dai da wahalar ta tafi, ta tafi da wani abu da ba mu lura ba: gumin da ke wanke jiki, waƙar da ke sauke zuciya, da ɗan zaman nan na kan turmi. Aiki bai ragu ba, wuri ya sake. Ya bar damtse ya koma ƙwaƙwalwa.

Ni shaida ne. Aiki ya dawo da ni Sakkwato, na yi aure, Allah Ya albarkace mu da 'ya'ya shida. Safiyata ta zama kai yara makaranta a kan babur, yinina ya zama kujera da takardu, darena ya zama lissafin kuɗin makaranta da na masara da na magani. In na dawo gida sai in zube a tabarma da waya a hannu, yaro ya matso in daka masa tsawa. Ina cewa gajiya ce. Ashe jikin bai yi komai ba, zuciyar ce ta yi dakon kaya tun safe.

Wata ranar Juma'a da La'asar sakaliya, 'yar autata mai shekara shida ta kamo hannuna a ƙofar gida. Ta ce, “Baba, zo mu yi tsere zuwa gindin dogon yaro.” Itacen bai fi taku talatin ba. Na naɗe riga muka zuba. Kafin in kai, ƙirjina ya cika, idona ya yi duhu, ƙeyata ta riƙe kamar an ɗaure ta da igiya. Na dafa itacen ina haki. Yarinyar da ta fara tsallen murna ta tsaya cik, ta ɗago kai tana kallona, leɓenta na rawa. Ta ce, “Baba, ba ka da lafiya?” Wannan kallo nata bai bar ni na yi barci ba a daren.

Ranar Litinin na je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta duba, ta ce in zauna in huta, ta sake aunawa. Jinina ya kai 160 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini. Likita ya sa na yi ta komawa awo, daga baya ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage gishiri da sinadarin ɗanɗano. A wani zuwan ne ma'aikaciyar ta tambaye ni, “Malam, kana motsa jiki kuwa?” Na ce, “Hajiya, mai 'ya'ya shida ina ya ga lokaci?” Ba ta yi gardama da ni ba. Cewa ta yi, “Daga gidanka zuwa masallaci minti nawa ne a ƙafa? Kuma sau nawa kake zuwa a yini?”

Tambayar ta sa na koma na bincika. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga. In ka raba shi kwana 7, kusan minti 22 ke nan a yini. A ƙa'idarta ta 2010, hukumar ta ce sai motsin ya kai minti 10 a jere ake lissafa shi. A 2020 ta janye wannan sharaɗi, ta ce kowane motsi yana shiga lissafi, komai ƙanƙantarsa. A 2022 kuma masu bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Emmanuel Stamatakis na Jami'ar Sidni a Ostareliya suka duba bayanan mutum kusan 25,000 a Birtaniya waɗanda ba sa yin wani wasan motsa jiki. Sun gano cewa masu yin ɗan yunƙuri mai ƙarfi na kamar minti 1, sau 3 ko 4 a yini, irin hawan bene da sauri ko bin yaro da gudu, haɗarin mutuwarsu a shekarun da aka bibiye su ya yi ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa yi. Rai na hannun Allah, amma Shi ne Ya sanya sababi.

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Idan tsoka ta yi aiki, takan janye sukari daga cikin jini ta ƙone, shi ya sa ɗan tattaki bayan cin tuwo ke da amfani. Motsi na yau da gobe yana sa jijiyoyin jini su saki, awo ya sauka. Damuwa kuwa takan ɗaura jiki ne a shirin gudu ko faɗa: zuciya ta yi sauri, tsoka ta ɗaure. Idan mutum yana zaune a kujera, wannan shiri ba shi da mafita sai tsawa a kan yara. Tafiya tana ba shi hanyar fita, jan numfashi da sakin sa a hankali kuma yana rage gudun zuciya. Da na karanta wannan sai na ga Inna a kan turminta. Abin da masana suka auna da na'ura, ita ta san shi a jikinta.

Daga nan na daina jiran ranar da zan samu awa guda ta kaina, domin ranar ba za ta zo ba. Da yayyafi kogi kan cika. Na ajiye babur a sallar Asuba da ta Isha'i, na koma wani masallaci da ke ɗan nesa, minti 6 zuwa, minti 6 dawowa. Sau biyu a yini, minti 24 ke nan, ban ɗebi komai daga lokacin aiki ko na iyali ba. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsada ta sa na ƙara da zuwa cefane a ƙafa, in riƙo leda biyu in taka da sauri. A ofis, duk bayan awa guda nakan miƙe in kai takarda da kaina maimakon in aika. Idan na dawo gida kuma, kafin in yi sallama, nakan tsaya a zaure minti 2, in ja numfashi, in yi istigfari, in ajiye ofis a nan. Wannan tsayuwar ta zaure ita ce turmina.

Yaran da nake cewa su suka cinye mini lokaci, su suka zama abokan motsina. Bayan La'asar ranakun hutu mukan share tsakar gida, mata su zana 'yar gala-gala, maza su ɗaga ƙafa a yi langa, a ɗauko igiya a yi tsalle. Minti 10 ya ishe ni in jiƙe da gumi. Na kuma lura yaron da ka yi langa da shi da yamma, da dare shi zai zo da kansa ya gaya maka abin da ya dame shi a makaranta.

Akwai wani gefen da dole in faɗa, domin nan ne mu maza muka fi gazawa. Wata rana ina ba uwar yara labarin tattakina da yadda awo ya fara sauka, sai ta ce, “Malam, kai kana da hanyar masallaci. Ni fa?” Maganar ta tsaya mini. Ita tana tsaye tun Asuba, daga murhu zuwa wanki zuwa goyo, amma ba ta da minti 5 da babu mai kiran sunanta. Inna tana da abokiyar daka da waƙa da matan makwabta a bakin rijiya. Matar birni sau da yawa daga ita sai bango huɗu. Muka yi shawara. Bayan Magariba ni ke riƙe ƙananan, in duba musu karatu, ita kuma ta samu minti 15 nata: wata rana ta zagaya tsakar gida da sauri tare da babbar 'yarmu, wata rana ta leƙa makwabta, wata rana ta zauna shiru kawai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama. Yakan je masallacin Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Ya kuma hana Abdullahi ɗan Amru matsa wa kansa da ibada, ya tuna masa cewa jiki da iyali suna da haƙƙi. Wanda ya fi kowa nauyi a wuya ya samu sararin wannan, ina ga mu?

Sai dai kowa da irin buƙatarsa. 'Yar'uwata da ke Dingyaɗi, wadda har yau take sussuka da ɗiban ruwa da kiwo, ba ƙarin motsi take nema ba. Hutu take nema, da wanda zai karɓar mata tulu, da awon jini lokaci-lokaci, domin hawan jini ba ya yin sallama kuma bai bar manomi ba. Wanda zai fara tattaki a ƙasar Sakkwato ya kiyayi ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya nemi sanyin safiya ko na maraice, ya sha ruwa. Mai ciki, da mai jego, da wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri, su fara ganin likita. Wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya ajiye shi don ya fara tafiya. Ni har yau ina shan nawa.

Da sallar layya da ta wuce na kai yara gida. Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Turmin nata yana nan a kife a gefen rumbu, gindinsa ya yi sulɓi saboda zama. Na zauna a kai na yi shiru, na yi mata addu'a. Ban daɗe ba 'yar auta ta zo ta kamo hannuna, ta nuna mini wani dogon yaro can bayan gida, wanda ya ninka na ƙofarmu nisa. Muka zuba. Ta riga ni isa, amma da na iso ina tsaye da ƙafafuna, numfashina bai sarƙe ba. Ta ɗago kai ta duba fuskata irin duban nan na wancan yammaci, sai ta yi dariya ta ce, “Baba, mu sake.” Muka sake.