RAGE ƘIBA: KADA GARIN GYARAN JIKI A KARYA ZUCIYA



Wata 'yar'uwa a majami'armu da ke Hotoro ta daina zuwa Zumuntar Mata har mako biyar. Da maiɗakina ta je duba ta, sai ta tarar da ita ta rame, idanu sun faɗa, tana kuka ba tare da ta san dalili ba. Ashe shayin rage ƙiba ta saya a wurin wata mai talla a WhatsApp, tana shan sa safe da yamma, abinci kuwa sau ɗaya a yini. Kilo ya ragu ƙwarai, amma barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa, yara kuma ba su da sakat saboda faɗa. Da aka bi salsalar maganar, sai aka gano ta faro ne ranar rabon ankon zumunta, inda wata ta ce mata cikin raha, "Mama, ke kam sai an ƙara miki yadi biyu." Kowa ya yi dariya, har da ita. A gida ne ta yi kukanta.

Ban ɗauki alƙalami don in hana kowa rage ƙiba ba. Ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini, ciwon sukari da ciwon gwiwa, kuma da yawa cikinmu likita ya riga ya ja musu kunne a Asibitin Nassarawa ko Asibitin Malam Aminu Kano. Abin da nake so dattawa da shugabannin zumunta su duba shi ne hanyar da ake bi. Akwai hanyar da ke sauƙaƙa wa jiki da zuciya tare, akwai kuma wadda ke rage nauyin jiki ta ɗora wa zuciya kaya.

Mu tuna daga inda muka fito. A da, teɓa alamar wadata ce, kuma matar da ta yi ƙiba sai a ce mijinta ya iya kiwo. Har yau a Kano akwai 'yan mata masu shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki. A shekarun da ƙanjamau ya yi tsanani kuwa, wanda ya rame sai a bi shi da kallo. Yanzu waya ta kawo wani sabon ma'auni, ana tallan siririn jiki dare da rana. Mutum ya rasa inda zai sa kansa: in ya yi ƙiba a ce ya cika ci, in ya rage a tare shi a bakin majami'a ana tambaya, "Lafiya kuwa?"

Masana sun daɗe suna bin wannan al'amari. A 2010 wasu masu bincike a ƙasar Holan sun tattara nazarce-nazarcen da aka bi mutane na tsawon shekaru. Suka ga mai ƙiba sosai ya fi waninsa haɗarin kamuwa da ciwon baƙin ciki da kashi 55 cikin 100, mai ciwon baƙin ciki kuma ya fi waninsa haɗarin yin ƙiba da kashi 58 cikin 100. Wato kowanne yana jan ɗan'uwansa. Wanda damuwa ta hana barci yakan ji yunwar kayan zaƙi da maiƙo, ba ya kuma da kuzarin motsa jiki. Wanda ake yi wa ba'a saboda jikinsa yakan janye daga mutane, kaɗaici kuwa abincin baƙin ciki ne.

To, rage ƙiba yana warkar da zuciya? Wani lokaci yana taimakawa. A Amurka an fara wani babban gwaji a 2001 mai suna Look AHEAD, da mutum 5,145 masu ƙiba da ciwon sukari. Rabinsu an sa su cikin shiri na haɗuwa a rukuni akai-akai, ana koya musu daidaita abinci da tafiya a ƙasa, ana kuma ƙarfafa su. Cikin shekara guda sun rage fiye da kashi 8 cikin 100 na nauyinsu, kuma alamun baƙin ciki sun fi ƙaranci a cikinsu. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun duba gwaje-gwaje da dama irin wannan, suka ga baƙin ciki yana raguwa kaɗan, amma ba su ga wani bambanci a kan fargaba da matsin rai ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Sikeli ba ya biyan kuɗin haya, ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya kuma kwantar da hankalin wanda ke zaune cikin zullumi a duk lokacin da gari ya ɗau zafi. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa dukan damuwarka za ta tafi tare da tumbinka, kuɗinka yake so.

Ɗaya hanyar kuma, ta horar da jiki da yunwa, an daɗe da sanin ƙarshenta. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minesota ya ɗauki samari 36 lafiyayyu don a gane abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Samarin nan sun ƙi ɗaukar makami ne saboda lamirinsu, kuma wasunsu 'yan ikkilisiyar Brethren ne, wadda masu bishararta suka fara aiki a Garkida a 1923, aikin da ya haifi EYN. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen da suka shigo da fara'a sai suka koma masu saurin fushi da baƙin ciki, ba su da zance sai na abinci, suna gudun jama'a. Ɗaya ma ya sare yatsunsa uku da gatari. Gaskiya ne su ba masu ƙiba ba ne, amma darasin yana nan. Waɗannan masu bi ne na ƙwarai, duk da haka yunwa ta taɓa musu hankali. Ashe 'yar'uwarmu ba ƙarancin bangaskiya ke damunta ba.

Batun magunguna ma sai an yi hattara. A 2008 an janye maganin rage ƙiba mai suna rimonabant daga kasuwannin Turai saboda yana jefa wasu cikin baƙin ciki da tunanin kashe kai. A 2010 aka janye sibutramine saboda haɗari ga zuciya, amma hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da ake tallarsu da sunan na ganye. Wani shayin kuma gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan. Sababbin allurai irin su Ozempic suna rage nauyi da gaske, sai dai suna da tsada, sai da kulawar likita, kuma yawancin nauyin yakan dawo in an daina. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kuwa, kada ma ya shiga gidanka.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, wato azumi. Ikkilisiyoyi da yawa sukan buɗe shekara da azumi da addu'a, abu ne mai kyau. Amma na sha jin ana cewa, "Bari azumin Janairu ya zo in zubar da tumbin Kirsimeti." Azumi ibada ne, kada mu mai da shi asibitin rage ƙiba. Mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shan maganin ƙwaƙwalwa su nemi shawarar likita tukuna, kada kuma a sa su jin kunya in ba su iya ba. Ku tuna da annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Sa'ad da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana.

Na san wani dattijo zai ce, ina ruwan ikkilisiya da sikeli? Baba, da ruwanmu. Abin da ya sa shirin nan na Amurka ya yi amfani shi ne mutane ba su yi shi su kaɗai ba. Asibiti sai ya kashe kuɗi kafin ya haɗa rukuni, mu kuwa muna da shi a kyauta: Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasa, mawaƙa. Ga shawarwarina:

1. A daina ba'a da jikin mutum, ko a bagade ko a wurin ɗinkin anko. A daina kuma yabon rama kafin a san dalilinta, gama ramar da ba a nema ba takan zama alamar ciwon sukari, tarin fuka ko baƙin ciki.

2. A kafa rukunin tafiya da sassafe kafin rana ta yi zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da hira tana rage damuwa ko da sikeli bai motsa ba.

3. A sa buri mai yiwuwa. Likitoci sun ce rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 cikin watanni ya isa ya taimaki hawan jini da sukari. Mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 9 ke nan.

4. A gyara abincin tarukanmu. A rage lemon kwalba, a kawo zoɓo marar sukari da yawa. Kasuwar 'Yankaba tana kusa da mu, ga zogale, alayyafo, rama da kabeji, ga kuma wake da dawa.

5. Wanda ya yi mako biyu cikin baƙin ciki, ba barci, ba sha'awar komai, ko yana zancen gara ya mutu, a yi masa addu'a a kuma raka shi wurin likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma zunubi ba ne.

'Yar'uwarmu ta zubar da shayin, ta ga likita, ta kuma dawo cikin mawaƙa. Kilon da ta zubar ya dawo, yanzu ne take rage shi a hankali tare da mata biyu da suke tafiyar safe tare. Wadda ta yi mata rahar yadi biyu har yau ba ta san abin da bakinta ya jawo ba. Shi ya sa na rubuta, domin ko ni, ko kai, ko ke, muna iya zama ita.

Ubangiji ya ba mu hikimar lura da juna. Amin.