A Ceto Hanyar Kontagora zuwa Yauri

Zuwa ga Edita,

Babbar hanyar tarayya ta A1 ta taso daga Legas, ta ratsa Ibadan da Ilori, ta haye Kogin Kwara a Jebba, ta biyo Mokwa da Kontagora ta shigo Yelwa. Daga nan ta wuce ƙasar Shanga zuwa Koko, Jega, Tambuwal da Sakkwato, har Illela a bakin iyakar Nijar. Jihohi 7 ke cin moriyarta.

Ga mutanen gaɓar Tafkin Kainji, wanda madatsar ruwan da aka kammala a 1968 ta samar, hanyar nan ita ce jijiyar kasuwanci. Ta nan busasshen kifin Yauri da albasar fadama da shinkafa ke tafiya kudu, tankokin mai kuma su hauro arewa. Sai dai da damina ramuka kan cika da ruwa, tirela ta maƙale, albasa ta fara ruɓewa a buhu, asarar ta koma kan manomi.

A 2024 an ƙaddamar da aikin sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry. Madalla. Amma jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga na roƙon Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da wakilansu a majalisa su tsaya a gyara wannan tsohuwar hanya kafin damina ta kankama.

Wassalam.
Wani mai karatu, daga Yelwa-Yauri, Jihar Kebbi