Mai Son Alkafura a Sama, Kada Ya Fara da Jirgin Gwanaye

Matasanmu da dama a zango sun kamu da sha'awar jirgin sama na rimot, kuma kusan kowa bidiyo ne ya ja shi: ƙaramin jirgi yana alkafura, yana mirginawa, yana tafiya a kife. Sai yaro ya tara kuɗin wata da watanni ya yi odar samfurin Extra 300 ko Yak 54. Ra'ayina shi ne wannan asarar kuɗi ce, kuma sauri ya kan haifi nawa.

Dalili a jikin jirgin yake. An ƙera jirgin gwanaye ne don ya tsaya a duk yadda aka bar shi. Fiffikensa a tsakiya ko a ƙasa yake, samansa da ƙasansa siffa ɗaya. Ka karkata shi ka saki sanda, a karkace zai ci gaba har ya sha ƙasa. Jirgin koyo kuwa fiffikensa a sama yake, bakin fuka-fukan sun ɗan ɗaga, don haka da kansa yake komawa daidai. Wannan 'yar daƙiƙar da yake ba ka ita ce riba, musamman lokacin da jirgin ya juyo yana fuskantarka, dama ta koma hagu a idonka.

To, me za a saya? Jirgi mai fiffike a sama, faɗinsa mita 1.2 zuwa 1.5, mai tasha huɗu: ta wuta, ta ɗaga hanci, ta juya wutsiya, da ta faifan gefen fiffike. Kada a yarda da mai tasha uku don araha, domin ba tare da faifan fiffike ba mirginawa ba za ta yi kyau ba. Mai tasha huɗu zai kai ka har alkafura da mirginawar farko. Jikin ya zama na kumfar EPP ko EPO, wadda gam ke gyarawa a gida. Katakon balsa in ya faɗi, sai tsince-tsince. A wurinmu da kayan gyara ke ɗaukar makonni kafin su iso, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A haɗa da farfela uku ko huɗu tun farko.

Wasu za su ce ai jiragen zamani suna da na'urar daidaita kai, irin SAFE da ke cikin Apprentice na E-flite. Gaskiya tana taimako, amma wanda bai taɓa kashe ta ba bai koyi tuƙi ba, kuma alkafura ba ta yiwuwa sai an kashe matakin masu koyo.

Kafin tashin farko, a yi sa'o'i a manhajar kwaikwayo kamar RealFlight ko PicaSim, inda faɗuwa kyauta ce. A nemi fili nesa da filin jirgi, wayoyin lantarki da taron jama'a, a guji iskar hunturu, a kuma tambayi hukumar jiragen sama ta ƙasa batun rajista. Batirin LiPo mai bolt 11.1 mintuna kaɗan yake bayarwa, kuma yana iya kamawa da wuta, kada a bar shi a rana ko a caji ba mai gadi.

Ɗan'uwa, sai ka sauke jirginka lafiya sau da yawa a jere, sannan ka nemi Extra. Da rarrafe yaro kan tashi.