Riƙon da Ya Zama Ciniki

A duk shekarar da damina ta yi gardama a ƙasar Tasawa da Mayayi, rumbu ya ƙi cika, akwai wata baƙuwa da kan shigo gida da sallama, ta zauna kan tabarma, ta ja gaisuwa har ta gaji, sa'an nan ta ce wa matar gida, "Yaya, ba ni yarinyar nan in riƙe miki, ta samo na kayan ɗaki." Yarinyar takan ƙare a aikatau a Maradi ko Yamai ko Kano, tana wanke-wanke tun asuba, alhali ladan aikinta na shiga hannun dillaliya, ƙanenta kuwa, idan aka yi rashin sa'a, a bi da shi ta Agadas da Arlit zuwa Tamanrasat, a zaunar da shi bakin titi yana bara, wata na karɓe abin da ya samu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga Kance, maƙwabtanmu na gabas.

Hukuma ba ta yi shiru ba, domin dokar 2003 ta haramta bauta, ta 2010 ta hukunta fataucin mutane, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta bai wa Hadijatu Mani gaskiya, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara. Amma doka tana Yamai, cinikin kuwa a tsakar gida ake ƙulla shi, tsakanin dangi, da sunan zumunci.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun malamanmu, waɗanda suka san hadisi ingantacce ya lissafa mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da mai hana ɗan ƙwadago ladansa, cikin waɗanda Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama, amma da wuya a ji wannan mas'ala a huɗubar Jumma'a. Talauci uzuri ne ga uwar da yunwa ta tilasta, ba na musun haka. Dillaliyar da ta mai da amana sana'a ba ta da wannan uzuri. Ya wajaba limamai su ambaci laifin da sunansa, mai gari kuma ya san gidan da za a kai kowace yarinya, da hannun da ladanta zai shiga, kafin ta hau mota.