Madarumfa: A kai kuɗin koyon sana'a inda ake koyon sana'ar

Duk taron da aka yi kan zaman kashe wando na matasa a jihar Maradi, magana ɗaya ake tashi da ita: a ƙara gina cibiyoyin koyon sana'a. Jami'i ya faɗa, mai ba da tallafi ya gyaɗa kai, uban yara ya koma gida da murna. Ra'ayin ya zauna daram har an daina tambayar ko gini ne matsalar. A gundumar Madarumfa, mai mutane sama da dubu 400 a ƙidayar 2012, wannan ra'ayi yana cinye kuɗin da ya kamata su sa sana'a a hannun yara.

Ra'ayin yana da asali. Gwamnatin Mahamadou Issoufou, wadda ta hau mulki a 2011, ta ƙudiri ɗaga kason ɗalibai masu bin fannin fasaha da sana'a zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2015, sannan kashi 40 a 2021. Aka tsara cewa kowace kwamin ta samu cibiyar koyon sana'a, wadda ake kira CFM, kowace gunduma kuma ta samu kwalejin fasaha. A 2013 Bankin Duniya ya shigo da shirin PRODEC da dala miliyan 30, daga baya ya ƙara. Niyyar mai kyau ce, a ƙasar da rabin mutanenta ba su wuce shekara goma sha shida ba.

Kuskuren yana cikin ma'aunin. Abin da rahoto ke ƙirgawa shi ne ajin da aka gina da sunayen da aka rubuta. Amma walda ba ta shiga hannu daga allo. Sai yaro ya ƙona sandar walda da yawa, ya ɓata ƙarfe, ya sake. Tela ba ya zama tela sai ya lalata yadi. Kafinta yana buƙatar katako, ƙusa da gam. Makaniki yana buƙatar injin da zai kwance ya ɗaura. Waɗannan kaya ƙarewa suke yi kowane mako, kuma ba a yanke musu ƙyalle a gaban kamara. Shi ya sa kuɗin gini kan samu mai ɗaukar nauyi, kuɗin ƙarfe da yadi da wutar lantarki kuwa su zama marayu. Cibiyar da ke da keken ɗinki goma babu zare, yaranta zaman aji kawai suke yi.

Wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, kan iyaka da Jibiya, zai ga inda ake koyon sana'a da gaske. Rumfa ce ta kwano, ƙasa ta yi baƙi da baƙin mai. An jingine babur na kabu-kabu a kan dutse, an cire masa ƙafa. Yara uku ko huɗu suna tsugune: ƙaramin yana wanke ƙusoshi cikin gwangwanin fetur, na tsakiya yana miƙo sifana kafin a nema, babban ya riga ya iya jin ciwon inji da kunne. Maigidan ba ya dogon bayani. "Kai, saurara. Me ka ji?" Yaron ya faɗa, in ya yi kuskure a sake tayar da injin. Uban yaro ne ya kawo shi da hannunsa, ya ce ga amana. Maigida ke ba shi abincin rana, shi ke yaye shi bayan shekaru. Mafi yawan masu sana'ar hannu a ƙasar Hausa ta wannan ƙofa suka fito, kuma mafi yawan irin waɗannan rumfuna ba su taɓa ganin ko dala ɗaya ta kuɗin horo ba.

Kuɗin kuwa akwai su. Kamfanoni a Nijar suna biyan harajin koyon sana'a a kan albashin ma'aikatansu, kuma akwai asusu na musamman, FAFPA, da aka kafa domin horon ma'aikata da masu koyon sana'a. Sai dai hanyar kuɗin doguwa ce. Haraji ya shiga baitulmali, a yanke shawara a Yamai, takarda ta sauko Maradi, kafin ta isa kwamin ɗin Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma. A 2016 an sa hannu kan dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar wasu fannoni, har da ilimi da horon sana'a. Miƙa aiki abu ne mai sauƙi. Kuɗin da za a yi aikin da su ne ke tafiyar hawainiya. Kuma a karkara lokaci ba ya jira. Tallafin da ya iso bayan ruwa ya sauka ya tarar da yara a gona. Wanda ya iso bayan kaka ya tarar sun tafi biɗa Katsina, Kano ko Agadas.

Shekarar 2023 ta tona asirin tsarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, manyan masu ba da tallafi sun dakatar da kuɗinsu, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta rufe, Nijeriya ta yanke wutar lantarki. Duk shirin da numfashinsa ke hannun baƙi ya shiga halin ni-ƴasu. Maƙeri da tela da mai faci kuwa, duk da kasuwa ta yi sanyi, da safe sun buɗe rumfa, yaransu sun zo. Hukumomin da ke maganar dogaro da kai a yau suna da makarantar da ba ta jiran kowa, a bakin titi.

Masu kare gini suna da hujja, kuma dole a saurare ta. Suna cewa maigida yakan mai da yaro ɗan aike shekara da shekaru, iliminsa na jiya ne, bai san lissafi ba, kuma ƴaƴa mata ba su da wuri a gareji. Duk gaskiya ne. Amma wannan dalili ne na shiga rumfar da kuɗi da sharaɗi. Jamhuriyar Benin ta gwada haka tun tsakiyar shekarun 2000: yaro yana wuni a wurin maigidansa yawancin mako, ya je cibiya ya koyi karatu da ƙa'idar aiki, a ƙarshe ya yi jarrabawa ya karɓi takardar shaida ta gwamnati. FAFPA ma ta san wannan tsari na koyo wuri biyu. Abin da ya rage shi ne ya tashi daga gwaji ya zama ginshiƙi. A rubuta yarjejeniya: watanni kaza, abin da yaro zai iya a ƙarshe kaza. A horar da maigidan shi ma. A saka mata masu ɗinki, saƙa da sarrafa abinci cikin jerin iyayen gida. Cibiyoyin da aka riga aka gina su zama wurin karatu, lissafi da jarrabawa.

Kuma a bar Madarumfa ta faɗi sana'ar da take so. A fadamar Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan rijiyoyin burtsatse tun shekarun 1980, famfo ɗaya in ya tsaya, zogale da kayan lambu na gidaje da yawa ne ke bushewa. Can ana neman mai gyaran famfo, mai haɗa sola, mai busar da zogale da tsabta har ya shiga leda. A bakin tafkin Madarumfa ana neman mai kiwon kifi da mai banda. Layin dogo daga Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Jibiya zai shigo. Zai buƙaci masu walda, magina da masu lantarki, kuma idan yaran gundumar ba su shirya ba, daga wani wuri za a kawo su. Wanda ke zaune a ofis a Yamai ba zai san wannan fiye da ƙungiyar masu sana'ar hannu da manoman yankin ba.

Saboda haka matakan a fili suke. A tsayar da sabon gini har sai kowace cibiya da ke akwai ta samu kuɗin kayan aiki na shekara guda. A ware kaso tabbatacce na harajin koyon sana'a ya tafi kai tsaye ga yarjejeniyoyin yaro da maigida. Kuɗi su sauka kafin a gama girbin hatsi, lokacin da saurayi ke shawarar zama ko tafiya. A manna adadin da kowace kwamin ta karɓa a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi da Hausa a rediyo. Sannan a biya kashin ƙarshe na tallafi bayan shekara guda da yaye yara, idan jami'i ya je Ɗan Isa ko Jiratawa da jerin sunaye a hannu, ya tarar da su suna aiki da abin da aka koya musu.