Ƙera Jirgin Sama a Gida: Hauka ne ko Hikima?

Idan aka ce wa mutumin ƙasarmu ga wani can ya shafe shekara biyar a gareji yana ƙera jirgin sama, ba don ya sayar ba, ba kuma don hukuma ta sa shi ba, sai don sha'awa kurum, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne, "Allah ya sawwaƙe." Wani zai ce kuɗi ne suka yi masa yawa, wani kuma ya ce ajali ne ke kiransa. To, ni a nawa ra'ayin wannan aiki ba hauka ba ne. Makaranta ce babba, amma ba ta amfanin kowa sai wanda ya yarda ya bi awo, ya kuma yarda wani ya duba aikinsa. Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna da mai karatu a wannan ɗan taƙaitaccen rubutu.

Da farko ya kamata mu tuna cewa shi kansa jirgin sama ba a babbar masana'anta aka haife shi ba. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyara da sayar da kekuna ne a garin Dayton na Amurka. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi na tsawon daƙiƙa 12, ya ci tazarar ƙafa 120. Mutane sun riƙe wannan labari, amma sun manta da abin da ya gabace shi. A 1901 waɗannan bayin Allah sun haɗa wani akwati da suke hura iska a cikinsa, suka gwada siffofin fiffike kusan 200, suna rubuta sakamakon kowanne. Watau kafin su ɗaga ƙafa daga ƙasa sai da suka cika takardu da lissafi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sha'awar ta yaɗu sosai a Amurka. A 1953 wani matuƙin jirgi mai suna Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu ƙera jirage a gida, wadda aka fi sani da EAA, a birnin Milwaukee. Tun daga 1970 ƙungiyar ke yin babban taronta na shekara-shekara a Oshkosh, inda dubban jirage ke sauka cikin mako guda. Jiragen da aka ƙera a gida masu rajista a Amurka sun haura 30,000. Da can katako da yadi aka fi amfani da su, sai masu zane irin su John Thorp suka nuna cewa mutum ɗaya da kayan aiki kaɗan zai iya sarrafa ƙarfe. Jirgin da ya zana, T-18, shi ne Don Taylor ya zagaya duniya da shi a 1976. Daga baya Richard VanGrunsven, mutumin jihar Oregon, ya kafa kamfanin Van's a farkon shekarun 1970, yana sayar da zane da sassan jirgi, mai saye ya haɗa da kansa. Jiragensa da ake kira RV, waɗanda suka kammala har suka tashi, sun wuce 10,000 tun 2017.

To, yaya ake wannan aiki? A nan ne nake roƙon mai karatu ya ba ni hankalinsa, domin a nan hujjata take. Ƙarfen da ake amfani da shi alminiyon ne, wanda maƙeranmu ke kira sanholo, amma ba irin na tukunya ba; an gauraya shi da wasu ma'adinai don ya yi ƙarfi. Fallen da ake lulluɓe jikin jirgi da shi galibi bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Ba a yi masa walda, domin zafin wuta yana raunana shi. Maimakon haka sai a haɗa shi da 'yan ƙananan ƙusoshi masu laushi, waɗanda ake daddaƙe gindinsu har su kama fallaye biyu gam. Jirgi mai kujera biyu yana cin irin waɗannan ƙusoshi fiye da 10,000, kuma kowace ƙusa da huɗarta. Kowace huda sai an daidaita ta, an goge bakinta don kada a bar ƙaiƙayin ƙarfe, an lotsa ta yadda kan ƙusa zai kwanta daidai da fata. Sa'an nan a haɗa sassan da maƙalai na wucin gadi, a duba, a warware, a shafa maganin tsatsa, a sake haɗawa. Wajen dakan ƙusa sau da yawa sai mutum biyu: ɗaya a waje da bindigar iska, ɗaya a ciki ya tokare da dunƙulen ƙarfe. Ƙusar da ta karkace ba a yi mata kawaici. Huda ta ake yi a fitar, a sa wata.

Yawanci da wutsiya ake farawa, saboda ita ce mai araha idan an ɓata, daga nan fukafukai, sa'an nan gangar jiki, inji da farfela su zo daga ƙarshe. Aikin yakan ci sa'o'i 1,500 zuwa 2,000, ko fiye. Mutumin da ke da sana'arsa da iyalinsa, yana taɓawa da dare da ranakun hutu, sai ya kwashe shekaru. Bayan an gama sai a ɗora jirgin a kan sikeli, a auna nauyin da ke kan kowace taya, a lissafa inda tsakiyar nauyinsa ya faɗa. Idan ya yi baya da yawa, jirgin zai ɗaga hanci ya ƙi jin linzami, ko da kuwa kowace ƙusa ta zauna daram.

Wanda ya bi wannan hanya daga farko har ƙarshe, me ya samu? Ya koyi karanta zane, ya koyi lissafi a aikace, ya san halin ƙarfe, ya san wutar lantarki da hanyoyin mai. Abin da ya fi waɗannan duka, ya koyi gaskiya a wurin da babu mai ganinsa. Ƙusar da ke can cikin fiffike ba wanda zai sake ganinta bayan an rufe, amma shi ya san da ita, ya kuma san ransa ne zai rataya a kanta. Sana'o'i da yawa suna jure ha'inci, a shafa fenti a rufe ɓaraka, mai saye ya gano bayan an rabu. Jirgin sama ba ya karɓar "a yi haƙuri" daga bakin kowa. Ko babban kamfani bai tsira ba: a 2023 masu haɗa jiragen Van's suka riƙa ganin tsaga a bakin hudojin wasu sassa da aka yanka da hasken leza. Musanya sassan nan na cikin abubuwan da suka jefa kamfanin cikin matsalar kuɗi, har ya nemi kariyar kotu a Disamba ta wannan shekara, kafin ya farfaɗo a 2024. Dubi girman huda, ka dubi girman abin da ta jawo.

Masu suka suna da hujjoji guda biyu, kuma bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce tsada. Gaskiya ne, jirgin RV da aka kammala da sabon inji yakan kai dala 100,000 ko fiye, kuma wannan ba kuɗin talaka ba ne ko a Amurka. Amma ilimin bai tsaya ga mai kuɗi ba. Akwai masu sayen zane kawai su yanka kowane sashe da hannunsu, akwai masu haɗa kuɗi su yi tarayya, akwai kuma makarantun sakandare a can da ɗalibai ke haɗa jirgi guda a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hujja ta biyu ita ce haɗari, kuma ita ce mai nauyi. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bayyana cewa a 2011 jiragen gida sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kusan kashi 21 cikin 100 na haɗurran da aka rasa rai. Tarihi ma ya ba mu darasi. A 1934 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya wallafa littafin da ya koya wa jama'a ƙera wani ɗan jirgi na katako. Ɗaruruwan mutane a Faransa da Ingila suka duƙufa. Cikin shekara biyu aka yi asarar rayuka, aka dakatar da jirgin, gwaji kuma ya nuna cewa idan ya sunkuyar da hanci ya wuce wani mizani, matuƙi ba shi da ikon ɗago shi. Sai da aka gyara zanen. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amma mu lura da abin da waɗannan ƙasashe suka yi. Ba su haramta sha'awar ba, ba su kuma sake ta sakaka ba. Ƙa'ida suka gindaya mata. A Amurka doka ta ce mai jirgi ya yi mafi yawan aikin da kansa, watau fiye da rabi, kuma don neman ilimi ko nishaɗi. Yana ajiye littafi da hotunan kowane mataki. Ƙungiyarsu tana da gogaggun mutane masu zuwa gida su duba aiki kyauta kafin a rufe fiffike. In an gama, sufeto ya bincika kafin a ba da takardar izini. Daga nan a keɓe wa jirgin wani yanki ya yi gwajin tashi, bisa al'ada sa'o'i 25 ko 40, kafin ya ɗauki fasinja. A jikinsa ana rubuta cewa na gwaji ne, ba a kuma yin haya da shi. Mai son kasada da ransa an bar masa hanya, amma an tsare ran maƙwabcinsa.

Wataƙila mai karatu ya ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa har da tsaki. Jirgin koyon tuƙi da Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta yi amfani da shi shekaru da dama, mai suna Air Beetle, asalinsa RV-6A ne, irin wanda Ba'amurke ke haɗawa a garejinsa. An sayo sassan guda 60, aka yi musu gyare-gyare, aka haɗa su a Kaduna. Watau abin da wasu ke yi don nishaɗi, shi ne muka horar da matuƙan jiragen yaƙinmu da shi, kuma hannuwan 'yan ƙasa sun taɓa aikin. Daga 2016 sai aka koma sayo Super Mushshak daga Pakistan. Abin tambaya shi ne, ina ilimin da aka tara a Kaduna ya tafi, kuma matasa nawa aka miƙa wa shi?

Sha'awar dai ba ta mutu ba. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin kimiyya a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa. Bayansa an ga wasu matasa a garuruwa dabam-dabam da irin wannan yunƙuri. Abin da muke yi musu iri biyu ne, kuma duka biyun zalunci ne. Wasu su yi musu dariya, wasu kuma su yi ta tafi, a ɗauki hoto, a yi alkawari, a watse. Ba wanda ke zaunar da yaro ya gaya masa cewa kama da wane ba ta wane: ƙarfen gini da walda suna ba da siffar jirgi, amma nauyinsu ba zai bar shi ya tashi lafiya ba. Ba wanda ke nuna masa dalilin da ya sa injin jirgi ke da filogi biyu a kowace silinda, da hanyar wuta biyu, don in ɗaya ta mutu a sama ɗaya ta riƙe. Yaron da ya iya haɗa abin nan daga bola, ba basira ya rasa ba. Zane da malami da ma'auni ya rasa.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta farko, kwalejojin fasaha da sassan injiniya na jami'o'inmu su sayi ko da sassan wutsiya ne, ɗalibai su koyi huda da dakan ƙusa bisa zane. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ga kuma tsofaffin ma'aikatan da suka yi aikin Kaduna. Malamai ba su ƙare ba. Ta biyu, masu wannan sha'awa su haɗa kansu cikin ƙungiya, domin mai aiki shi kaɗai ba ya ganin kuskurensa. Ta uku, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta buɗe musu ƙofa da ƙa'idoji bayyanannu, waɗanda ɗan sakandare zai karanta ya gane, yadda mai ƙira zai kawo aikinsa a duba tun yana ɗanye, maimakon ya ɓoye shi a bayan gida har ranar da zai gwada shi a kan jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, ba cewa nake yi kowa ya tashi ya ƙera jirgi ba, kuma da yawa daga masu farawa ko a Amurka ba sa gamawa. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ke da matasa dubu waɗanda suka saba auna abu sau biyu kafin su yanka, suka saba cire ƙusar da ta karkace ko ba mai kallo, ta sami arzikin da ya fi jirgin kansa. Irin waɗannan hannuwa su ne za su gyara mana injin asibiti, da famfon ruwa, da gada. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu masu sana'a na gari, ya kuma ba mu shugabannin da za su san darajarsu, amin.